Jirgi Ya Cika, Saura Mai Gyaran Firji

"Na yarda a kai maganar gaban Babban Yaya," in ji Gwaggo, "amma da sharaɗi."

A shagonsa na kwanon rufi ta sami Baba. Ta zauna a kan kujerarsa, shi yana tsaye, domin ita ce yayarsa, ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba.

"Faɗi sharaɗinki, Yaya."

"Ɗana zai je. Shi ma mai gyaran firjin ya je. Kowa ya kai kansa da ƙafarsa ya zauna a gaban Babban Yaya. Ba waya, ba ɗan aike. Wanda bai zauna ba ya janye ke nan, kar in ƙara jin zancensa a gidanka."

Baba ya shafa gemu. Mutum ne da ya tsufa a ciniki, bai taɓa karɓar tayin farko ba ko a kan ƙusa.

"To ga nawa. In yaron ya je, Babban Yaya ya dube shi ya ce ya yi, ke ma kin janye. Ba kuka, ba fushi, ba bin dangi a waya ɗaya bayan ɗaya."

"Na ji."

"Kin yarda, ko kin ji?"

"Na yarda, sarkin ƙwaƙƙwafi."

Ta tashi tana murmushi, don ta riga ta yi lissafinta tun daga gida. Babban Yayan nasu, wanda yara ke kira Baffa, a wani gari mai nisa yake zaune, kuma za a fita da shi waje aikin gwiwa, ba a san ranar dawowarsa ba. Yamma ɗaya tak ya ware wa dangi kafin ya tashi. Hanyar mota ta lalace, sai an kwana a kanta. Saura jirgin sama. Gwaggo kuwa ba ta ga inda mai gyaran firji zai samo kuɗin jirgi ba.

Rigimar duk a kan Auta ce, 'yar ƙarshe a gidan Baba. Ta gama karatunta, tana aiki a kantin magani, kuma ta faɗa da bakinta cewa mutum ɗaya take so: wanda ya zo gyara musu firjin allurai, ya gyara, ya kuma ci gaba da dawowa dubawa alhali firji lafiyarsa ƙalau. Sanyi ake kiransa a unguwa, rabi don sana'arsa, rabi don halinsa.

Gwaggo kuwa ɗanta take so wa Auta. Dillalin motoci ne, har Dillali ake kiransa, mai ƙamshi, mai surutu, wayoyi biyu a hannu. Ba mugu ba ne. Shi dai duk abin da ya gani sai ya yi masa farashi.

"Yayana ne," Auta ta sha faɗa tana hawaye. "Tare muka yi wasan ƙasa, shi yake cinye mini alewa. Ta yaya zan kalle shi in ce miji?"

Baba bai ce sai ta aure shi ba. Amma bai iya kallon idon yayarsa ya ce a'a ba. Shi ya sa ya tura ƙwallon gaba.

Da labarin sharaɗin ya kai wa Sanyi, sai ya tashi neman kuɗin jirgi. Ya karɓi aikin ɗakin sanyin wani mai kifi da kowa ya guje wa, ya yi ta fama har kuɗin tikiti suka haɗu.

* * *

Ranar tafiya shi ya riga kowa isa filin jirgi. Ya sa sabuwar farar riga, ya dirje faratansa da soso har baƙin man da ke ƙarƙashinsu ya gudu. Bai taɓa shiga jirgi ba. A tunaninsa tikiti tikiti ne: ka biya, kujera taka ce, ko da gudu ka zo.

Ana buɗe kantar rajista ya shiga layi, yana cikin na gaba-gaba. Sai ya waiga.

Ga Baba nan ya shigo, Gwaggo na biye da shi, Dillali na tura amalanken kaya yana waya, Auta a bayansu. Suka nufo layin.

Sanyi ya dubi inda yake tsaye. Ta ina zai tsaya a gaban mutumin da yake neman 'yarsa, ya ba shi ƙeya, a gama da shi kafin a gama da dattijo? Ya sunkuyar da kai, ya sulale daga layin, ya laɓe bayan wani ƙaton ginshiƙi kusa da injin sayar da lemo.

Wayarsa ta yi ƙara. Saƙon Auta ne.

"Ina kake?"

"Bayan ginshiƙi."

"Me kake yi a can?"

"Baba na kan layi."

"Layi na kowa ne. Ka shigo."

"Bari dai su gama."

Suka gama, ya fito ya koma layi, yanzu daga baya. Wata dattijuwa ta zo da jakar da ta fi ƙarfinta, ya ɗaukar mata ya ce ta wuce. Wani mai kwat ya ce yana sauri, ya ce ya wuce. Wani tsoho mai sanda ya zo.

"Bismillah, Baba, shiga gaba."

Wata mai goyo ta zo, yaron na tsala kuka.

"Wuce, 'yar'uwa."

Da ya iso gaban kanta, babu kowa a bayansa sai mai goge ƙasa. Tsohon da mai goyon suna tsaye a gefe, fuskokinsu ba daɗi. Ma'aikaciyar ta karɓi tikitinsa, ta daddanna na'ura, ta dube shi, ta sake duba na'ura.

"Malam, ka yi haƙuri. Jirgi ya cika."

"Wane jirgin?"

"Naka."

"Ai na biya."

"Ka biya. Su ma waɗanda suka samu sun biya. Kamfani kan sayar da tikiti fiye da kujeru, don kullum sai an sami waɗanda ba su zo ba. Yau kowa ya zo. Ku uku ne na ƙarshe a rajista, kai da waɗannan."

Sanyi ya dafa kanta.

"Na gaba fa?"

"Sai gobe da hantsi."

Gobe da hantsi kuwa Baffa ya riga ya bar ƙasar.

* * *

Da ma su Baba ba su shige ciki ba. Jakar Gwaggo ta hannu ta wuce nauyi, ta baje ta a kan benci tana fitar da turamen zane tana cusa wa Dillali a tasa, tana zagin sikelin da ta ce an yi masa ha'inci.

Auta ta hango Sanyi tsaye da tikiti a hannu kamar wanda aka aika ya manta saƙo. Ta ajiye jakarta ta nufe shi.

"Ina katinka na shiga?"

"Ba su ba ni ba."

"Me ya sa?"

"Sun ce ya cika."

Ta tsaya tana kallonsa. Idanunta suka kawo ruwa.

"Ka riga kowa zuwa. Da idona na ga ƙeyarka a gaban layi."

"Haka ne."

"Ka ba tsoho hanya, ka ba mai goyo, ka ba mai kwat da ya fi ka ƙiba. Kowa ka ji tausayinsa a filin nan ban da ni."

"Auta, ki saurare ni."

"Me zan saurara? Na yi faɗa da Gwaggo a kanka. Ƙannen mahaifiyata sun daina amsa gaisuwata. Har abinci na daina ci a gida don Baba ya san da gaske nake. Kai kuma abin da aka ce ka yi guda ɗaya ne, ka shiga jirgi ka zauna. Ko zaman ma bel za a ɗaura maka."

"Wallahi ban san ana sayar da kujera sau biyu ba. Mu a wurinmu, in na sayar maka da kwamfaresar firji, taka ce."

Ta so ta yi dariya, kukan ya fi ƙarfinta. Ta rufe fuska da gefen mayafi.

Sai ga Dillali ya ƙaraso, yana sa waya ɗaya a aljihu yana fito da ɗayar.

"Abokina, me ya faru? Sun sauke ka? Kai, ka ci riba."

"Riba?"

"Sosai. Dole su biya ka diyya, ba alfarma ba ce, haƙƙinka ne. Sannan ka zaɓa, ko su mayar maka da kuɗin tikitinka ko su sa ka a jirgin gaba. In kwana ya kama, masauki a kansu, abinci a kansu. Abin da za ka fita da shi yau ya fi gyaran firji goma. Je ka sa hannu ka karɓa."

"Ban zo sayar da komai ba," in ji Sanyi.

"Kowa haka yake cewa kafin ya ji farashi." Dillali ya gyara agogonsa. "Ni da kake gani, filin jirgi gidana ne. Sau nawa na ci kuɗinsu? Da sun yi cigiya a lasifika, wa zai bar kujerarsa a biya shi, ni ne farkon ɗaga hannu. Don doka ta ce sai sun fara neman masu bari da kansu kafin su sauke wani dole. A nan ake cin su, sai ka bari sun matsu."

Auta ta sauke mayafi daga fuskarta.

"Yaya Dillali, me ka ce?"

"Na ce sai ka bari sun matsu."

"Kafin nan. Sai sun fara yin cigiya?"

"E mana."

"Yau ka ji sun yi?"

Dillali ya gane ya yi suɓutar baki. Ya waiga ya ga ko uwarsa ta ji. Auta kuwa ta riga ta isa kanta.

"Ina manajanku?"

Aka kira shi. Wani gajeren mutum ne mai gajiyayyun idanu, rediyon hannu na ta ƙara a ƙugunsa.

"Malama, lokaci ya ƙure, za a fara shiga."

"Lokacin da kuka sayar wa mutum biyu kujera ɗaya bai ƙure ba. Kun nemi masu bari da kansu?"

"Da wuya a samu a jirgin yau."

"Ban tambaye ka ko za a samu ba. Kun nema?"

Tsoho mai sanda ya matso. Mai goyo ta matso. Mai goge ƙasa ma ya jingine sandarsa yana kallo. Manaja ya duba fuskokinsu, ya yi ajiyar zuciya, ya ɗauki abin magana.

* * *

Muryarsa ta cika zauren. Ana neman mutum uku da za su bar kujerunsu zuwa gobe. Kamfani zai biya su, ya ba su masauki da abinci.

Kowa ya duƙar da kai kan wayarsa.

Ya sake faɗa, ya ƙara tayin. Sai ga wasu 'yan makaranta biyu sun taso daga can ƙarshen zaure, jakunkuna a baya, suna rige-rigen isowa suna dariya, wai da ma jarrabawa ke jiransu.

"Kujera biyu," in ji manaja. "Bisa layi za a bi. Tsoho, sai mai goyo."

"Haka ya dace," in ji Sanyi.

Auta ta yi masa wani kallo da ya sa ya koma duban takalminsa.

Manaja ya sake cigiya. Saura mutum ɗaya. Ba wanda ya motsa.

"Ga tawa," in ji Auta, tana miƙa katinta. "Na bari. A ba shi."

"Ba ki isa ba." Gwaggo ce ta iso, turmin zane ɗaya har yanzu a hammatarta. "Babban Yaya ya ce daga bakinki yake son jin komai. Ba ke, ba zama. Ba zama, ba magana. Ƙarya na yi?"

Baba, wanda tun ɗazu yake zaune a benci da hannu bisa gwiwa, ya girgiza kai. "Ba ki yi ƙarya ba, Yaya."

Auta ta juya wajen ɗan'uwanta.

"Yaya Dillali, kai da ka saba ɗaga hannu."

Ya yi dariya har da dafa ciki. "Ƙanwata, komai nawa na sayarwa ne, har agogon nan. Kujerar yau ce kaɗai ba ta shiga kasuwa ba."

Aka fara kiran fasinja su shige ciki. Zauren ya fara raguwa. Auta ta je ta durƙusa a gaban mahaifinta, ba ta damu da masu kallo ba.

"Baba, ya zo. Ga shi nan a tsaye. Ya sayi tikiti da guminsa. Laifin kamfani ne, ba nasa ba. Ku roƙi Gwaggo ta bari a yi ta waya."

"Na ba ta alkawari, Auta."

"Ni ma kun ba ni alkawari ba za ku sa ni kuka a kan aure ba."

"Na ce ba zan yi miki dole ba. Kuka ke kika sa kanki."

"To in ya janye, ni ma na janye. In zauna a gidanku in tsufa, ina miƙo muku maganin hawan jini."

"Allah ya kiyaye," in ji Gwaggo. "Ji bakin 'yar zamani. Tashi mu tafi, kin tara mana mutane."

Baba ya juya wajen kanta. Ya ɗaga hannu ya yafito Sanyi. Sanyi ya zo ya tsuguna nesa kaɗan, farar rigarsa na share ƙasa.

"Yaro, da muka shigo na gan ka a gaban layi. Ina ka shige?"

"Bayan ginshiƙi, Baba."

"Me ka je yi?"

"Ban ga ya dace in ba ku baya ba."

"Shi ne ka bar wurinka."

"E, Baba."

"Wauta ce."

"Haka ne, Baba."

"Babbar wauta. An ce maka za a biya ka in ka haƙura. Ka ji nawa ne?"

"Ban tambaya ba."

Baba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya dafa gwiwa ya miƙe, ya gyara hularsa, ya taka a hankali zuwa kanta, irin takun da yake yi in zai je duba kayan da ya riga ya yanke shawarar saye amma ba ya son mai kaya ya gane.

"Manaja, wannan kujerar da kake ta shela, me kake bayarwa?"

Manaja ya faɗa, ya ƙara da cewa takarda za a ba shi ya sake hawa jirginsu da ita duk lokacin da ya so.

"In sake hawa jirgin wanda ya sayar mini da kujera ya sayar wa wani? A'a, ɗana. Kuɗi hannu."

"Za a iya."

"Ka ce da masauki."

"Otal mai kyau, Baba."

"Gidana na cikin garin nan, katifata ta fi taku. Kuɗin otal ɗin a ɗora a kai."

"Ba haka tsarin yake ba."

"To sai an jima." Baba ya juya kamar zai tafi.

Rediyon manaja ta yi ƙara, wani na tambayar me ake jira.

"Kawu, matsa masa," Dillali ya raɗa daga baya, idonsa na ƙyalli. "Ya matsu, zai ƙara."

Gwaggo ta kai masa duka da turmin zane a kafaɗa. "Kai wane irin ɗa ne? Ka san abin da yake sayarwa?"

"Tsaya, Baba," in ji manaja. "Zan ƙara wani abu a kai. Gobe da hantsi mu sa ka a na farko."

"Goben me zan je yi? A mayar mini da kuɗin tikitina. Da motar da za ta kai ni gida. Akwatina da kuka riga kuka karɓa, tsarabar yayana ce a ciki, a mayar da shi sunan wancan yaron, don shi zai zauna a kujerar."

"Shi kaɗai ya rage da ma."

"Na sani. Ina son in ji daga bakinka ne."

"Shi zai zauna."

"Na sallama."

Gwaggo ta sha gabansa.

"Ka haukace? Kai ne uban yarinya. Za a yi zaman aurenta ba ka nan?"

"Yaya, sharaɗinki ya ce masu neman aure su zauna gaban Babban Yaya. Ni na yi nawa auren tuntuni."

"Ni za ka yi wa wayo? Ni da na goye ka?"

"Kin goye ni, kuma ke kika koya mini kar in ga ciniki mai kyau in wuce. Ban da haka, tun muna yara yaushe Babban Yaya ya taɓa tambayar ra'ayina? In na je ma shayi kawai zan sha."

Ma'aikaciyar ta miƙo sabon kati. Sanyi ya karɓa da hannu biyu. Ya juyo zai durƙusa.

"Kar ka soma," in ji Baba. "In ka tsaya godiya za ka sake rasa ta. Wuce. Kuma ka shiga gabana, na ba ka izini."

Auta ta kama hannun mahaifinta, hawaye na zuba, tana dariya.

"Baba."

"Je ki. Ki goge fuskarki, kar Baffanku ya ce dukanki nake yi."

* * *

Abin da ba wanda ya tuna shi ne, kujerar Baba tana kusa da ta Gwaggo.

Ta juya wa Sanyi baya tun kafin ya zauna, ta ce wa taga warin man inji take ji. Amma Gwaggo, duk faɗanta a ƙasa yake. Jirgi na ɗagawa ya ɗan girgiza, sai ta damƙe hannun farar rigar nan, ta rufe ido tana salati. Ba ta sake shi ba sai da tayoyi suka taɓa ƙasa. Shi kuwa, wanda yau ya fara hawa jirgi, ya yi ta ce mata, "Ba komai, Gwaggo, ƙarar fanka ce, lafiyayyar ƙara ce."

Da suka sauka ta kalli inda ta cukurkuɗe masa riga.

"Kar ka gaya wa kowa."

"Ban ga komai ba, Gwaggo."

Da yamma suka zauna a falon Baffa. Yana kishingiɗe, ƙafarsa mai ciwo a kan matashi, akwatunan tafiyarsa jere a bakin ƙofa. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Ina ƙanena?"

Gwaggo ta taɓe baki. "Ya sayar da kujerarsa."

"Wa ya zauna a kai?"

Sanyi ya ɗago kai kaɗan. "Ni ne, Baffa."

Baffa ya dube shi, ya dubi Auta, sai ya fashe da dariya har ya kama gwiwarsa yana cewa wash.

"Mai kwano ya tashi wani ya zauna? Mutumin da ko a jana'iza sai ya riga kowa tabarma? To ni me kuka taho in ce? Uban yarinya ya riga ya yi magana, ya kuma sa kamfanin jirgi ya biya shi kuɗin bakinsa." Ya juya ga Auta. "Ke, shi kike so?"

"Shi, Baffa."

"An ba shi. A kawo abinci, gobe da wuri zan tashi."

In za a raba riba da asara, to kamfanin jirgi ne ya fara faɗuwa, kuma shi ya jawo wa kansa. 'Yan makarantar nan biyu sun ci banza. Dillali ya rasa mata, amma kafin a sauka ya sayar wa maƙwabcin kujerarsa mota, ya kuma ce wa duk wanda ya tambaya da ma shi don uwarsa yake yi. Gwaggo ta faɗi warwas. Ta cika alkawari, ba ta bi dangi a waya ba, sai dai ta daɗe ba ta taka shagon kwano ba. Sanyi da Auta ba sai an faɗa ba.

Baba kuwa kowa ya ce shi ya fi kowa ci: ga kuɗi a aljihu, ga mota har ƙofar gida, ga shi bai ce wa yayarsa a'a da bakinsa ba. Shi ma haka ya yi ta faɗa wa maƙwabta a bakin shago. Sai da ya shiga gida ya wuce ta ƙofar ɗakin Auta, ya ga takalmanta na aiki a jere, ya tsaya. A nan ya gane cewa a cinikin da ya fi alfahari da shi duk rayuwarsa, shi ne ya fita da ragi, don ba kujera kaɗai ya bayar ba.